Dawaki 34 Maimakon 40: Yadda Gyaran Grand National Ya Sauya Tseren Tsallake da Lissafin 'Yan Caca

A watan Oktoban 2023 ne Jockey Club, ƙungiyar da ta mallaki filin sukuwar Aintree da ke gefen Liverpool, ta sanar cewa daga 2024 dawakin da za su shiga Grand National, shahararren tseren tsallake shingaye da ake yi a filin duk shekara, ba za su wuce 34 ba. Tun 1984 ake sakin 40. An matso da shingen farko yadi 60 kusa da wurin tashi, an ce dawaki za su tashi daga tsaye ne maimakon su taho da sassarfa, an kuma dawo da lokacin tseren daga ƙarfe 5:15 na yamma zuwa ƙarfe 4. Sanarwar ta raba kan masu bin wasan. Wasu suka ce an ceto tseren daga hannun masu neman a haramta shi, wasu suka ce an zare masa laka. Su kuwa masu sa kuɗi, da marubutan da ke fitar musu da jerin dawakin da za a sa wa ido, tambayarsu daban ce: tsofaffin ma'aunan da ake zaɓen doki da su suna nan da amfaninsu, ko sun tafi tare da tsohon tseren?

## Wane irin tsere ne

Tseren dawaki a Birtaniya da Ailan kashi biyu ne. Akwai na miƙaƙƙen fili, irin sukuwar da aka sani, wanda zafin gudu ne abin gwadawa. Akwai kuma na tsallake, da suke kira National Hunt, wanda kakarsa ke kankama daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da ruwan sama ya tausasa ƙasa. Shi ma hawa biyu ne: ƙananan shingaye masu tsayin ƙafa uku da rabi, waɗanda doki kan iya bangaje su ya wuce, da manya da ba su gaza ƙafa huɗu da rabi ba, wasu har da rami a gabansu. Matashin doki kan fara da ƙananan, in ya goge a mayar da shi manyan.

Yawancin dawakin tsallake dandaƙaƙƙu ne, ba a janye su daga fili don baye. Shi ya sa doki ɗaya kan yi shekara biyar ko shida yana fitowa, har jama'a su san halinsa: wannan yana son taɓo, wancan ba ya jure nisa, wani kuma sai ya kauce dama duk lokacin da zai yi tsalle. Al'adar bin doki kaka bayan kaka daga nan ta samo tushe.

Grand National, wanda aka fara a 1839, shi ne mafi shahara. Nisansa kusan kilomita 7 ne, tsallake 30 cikin zagaye biyu, kyautarsa fam miliyan 1. Shingen da ake kira The Chair ƙafa 5 da inci 2 ne. A shingen Becher's Brook ƙasar da doki zai dira ta fi wadda ya taso a kai zurfi. A shingen Canal Turn kuwa yana dira zai sha kwana mai kaifi ta hagu.

## Abin da ya jawo gyaran

Gyaran 2024 ba shi ne na fari ba. Dawaki biyu sun mutu a tseren 2011, biyu kuma a 2012, ciki har da Synchronised, wanda wata guda kafin nan ya ci babban tseren Gold Cup a filin sukuwar Cheltenham ta Ingila. Daga 2013 aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasa, ta yadda dokin da ya daki shinge zai ratsa shi maimakon ya wuntsila. Daga wannan shekarar zuwa 2018 ba a rasa doki ko ɗaya ba a cikin Grand National. Sai mutuwar ta dawo: ɗaya a 2019, ɗaya a 2021, biyu a 2022.

Abin ya kai ƙarshe a 2023. 'Yan ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Animal Rising suka kutsa cikin filin, aka jinkirta tashi kusan kwata guda, 'yan sanda suka kama mutum 118. Da aka saki dawakin, Hill Sixteen ya faɗi a shingen farko ya mutu, miliyoyin mutane suna kallo a talabijin. Mai horar da shi, Sandy Thomson, ya ɗora laifin kan masu zanga-zangar, ya ce jinkirin ne ya firgita dawakin. Su kuma suka ce tseren ne ya kashe dokin, ba su ba.

Hujjar Jockey Club ita ce gudu da cunkoso. Mahaya kan fita a guje don kowa ya sami gurbi kafin shingen farko, kuma idan dawaki 40 suka iso shinge lokaci guda, na baya ba ya ganin abin da zai tsallaka, wanda ya faɗi kuma yakan kayar da na bayansa. Matso da shingen yana rage filin ɗaukar gudu. Dawo da lokaci baya yana hana ƙasa bushewa, tunda busasshiyar ƙasa tana ƙara gudu, dirar ma ta fi zafi ga ƙafa. An kuma rage wa shinge na 11 inci biyu, an ɗaga makin da doki zai samu kafin ya cancanta daga 125 zuwa 130, an ba wani kwamiti aikin sake duba duk dokin da ya yi kuskuren tsalle a rabin tserensa takwas na baya ko fiye.

## Maki da nauyi

Wanda bai fahimci wannan ba, sharhin tseren tsallake zai zame masa baƙon yare. Grand National tseren daidaita nauyi ne. Hukumar tseren dawaki ta Birtaniya, BHA, tana ba kowane doki maki gwargwadon abin da ya nuna a fili, kuma kowane maki ɗaya daidai yake da laba ɗaya ta nauyi. Doki mai 160 zai ɗauki laba goma fiye da mai 150. Nauyin ya haɗa mahayi da sirdi, in bai kai ba a cike da dalma a aljihun shimfiɗar sirdi. Manufar ita ce a jawo gwani baya, a tura mai rauni gaba, ta yadda a takarda duka za su iso tare.

A watan Fabrairu ake fitar da nauyin Grand National, kuma ba a ƙara wa doki komai ko da ya ci wani tsere bayan nan. A nan masu horarwa ke nuna dabara. Wasu kan riƙe dokinsu a tseren ƙananan shingaye duk lokacin sanyi don kada makinsa na manyan shingaye ya tashi, sai an fitar da nauyi sannan su sake shi. Wannan bai saɓa doka ba; abin da ya saɓa shi ne a shiga tsere a hana doki yin iyakar ƙoƙarinsa. Corach Rambler ya ci tsere a Cheltenham a Maris 2023, bayan an riga an yanke masa nauyi, aka ɗaga makinsa da goma, amma ya je Aintree da tsohon makin. Ya ɗauki kilo 66 kacal, ya kuma ci.

Rage yawan dawaki ya taɓa wannan tsarin kai tsaye, domin daga sama ake cike gurbi. Shidan da aka zubar su ne masu ƙaramin maki, su ne masu ɗaukar nauyi mafi sauƙi, kuma sau da yawa daga ƙananan barga suke fitowa.

## Irin dokin da ke cinyewa ya canja

Shekaru da dama marubuta suna da ƙa'idoji da suke maimaitawa kowace Afrilu: a guji mai nauyi, a nemi tsohon hannu da ya ga jiya ya ga yau. Kuma suna da hujja. Tsakanin Corbiere a 1983 da Hedgehunter a 2005 babu dokin da ya ci da nauyin da ya haura kilo 70. Waɗanda suka ci a 2012, 2013 da 2014 duka 'yan shekara 11 ne.

Daga 2015 zuwa 2025 kuwa babu wanda ya haura shekara 9. Noble Yeats ma shekararsa 7 a 2022, abin da rabon da a gani tun 1940. A tsere biyu na farko ƙarƙashin sababbin dokoki, I Am Maximus ya ci da kusan kilo 73 a 2024, Nick Rockett da kilo 73 da rabi a 2025, shi kuma I Am Maximus ya zo na biyu a wannan shekarar ɗauke da nauyi mafi girma a filin, kilo 75. Dalilin a fili yake. Da can shingen ne ke tace dawaki, gwanin gudu ya faɗi, mai haƙuri ya tsira. Da shingen ya yi laushi sai tacewar ta koma ga gudu da juriya, kuma waɗannan a wurin masu babban maki suke. A 2024 dawaki 32 suka tashi, 21 suka kammala, babu wanda aka rubuta ya faɗi. A 1928 kuwa 42 suka tashi, biyu suka iso.

Sai batun Ailan. Cikin tsere tara da aka yi daga 2016 zuwa 2025 (ba a yi na 2020 ba saboda korona), bakwai dawakin da aka horar a Ailan suka ci, biyu na Lucinda Russell ta Sikotilan, Ingila ba ta sami ko ɗaya ba. A 2025 mai horarwa Willie Mullins ya shigar da dawaki shida, ya kwashe na ɗaya, na biyu, na uku da na biyar, ɗansa Patrick ne ma a kan wanda ya ci. Willie Mullins, wanda ke zaune a Closutton ta Ailan, shi ya zama zakaran masu horarwa na Birtaniya a kakar 2023-24, abin da ba a gani ba tun Vincent O'Brien a 1954, ya kuma maimaita a kaka ta gaba. Ba gyaran Aintree ya haifi wannan rinjayen ba. A Cheltenham ta 2021 Ailan ta ci 23 cikin tsere 28. Amma tseren da sai mai babban maki ke shiga ya fi dacewa da bargar da ta tara irin waɗannan dawakin.

## Sharhin bayan tsere da jerin dawakin bi

Aikin mai sharhi shi ne ya faɗi abin da sakamako bai faɗa ba. Takardar sakamako lamba ce kawai da wasu haruffa: F ga wanda ya faɗi, U ga wanda ya kayar da mahayinsa, P ga wanda aka ja wa linzami aka tsayar. Mai sharhi zai koma ga bidiyon ya duba yanayin ƙasa, ya duba ko na gaba sun fita da gudun da ya cinye su, wa ya yi tuntuɓe a shinge na uku kafin ƙarshe, wa aka toshe wa hanya, wa ya taso daga baya yana cin ƙasa lokacin da saura suka gaji.

Abin mamaki ga baƙo shi ne, ba wanda ya ci aka fi sa wa a jerin ba. Wanda ya ci za a ɗaga masa maki, gaba zai ɗauki ƙarin nauyi. Wanda ya zo na huɗu ko na biyar bayan an tare shi, makinsa na nan yadda yake, ko ma ya ragu. Shi ake nema. Tunanin yana da ma'ana, kuma sharhi mai kyau yana koya wa mutum kallon tsere.

Matsalar tana wurin farashi. Bidiyon da mai sharhi ya gani, dubban mutane sun gan shi, ma'aikatan kamfanonin caca ma sun gan shi. Manhajoji na aika wa mutum saƙo ranar da dokin da ya ajiye zai fito, kuma dubbai ne suka ajiye doki ɗaya. Kafin rana ta yi tsaka kuɗi sun taru a kansa, ribar da ake biya ta ragu, kamar yadda rago ke tsada idan Sallah ta matso. Dokin da ya cancanci 6/1 (ribar fam 6 kan kowane fam 1) sai a same shi 3/1. Zai iya ci, amma mai binsa a irin wannan farashin asara yake tarawa a hankali.

Akwai kuma yadda ake ba da labarin jerin. Idan marubuci ya fitar da dawaki ashirin, uku suka yi abin kirki, ukun nan za a ji a bakinsa har ƙarshen kaka. Gwajin gaskiya shi ne a sa kuɗi iri ɗaya a kan kowane doki a duk fitowarsa, a farashin da aka tashi da shi, sannan a haɗa lissafi. Ba kowane jeri ake bugawa da irin wannan lissafin ba. Haka nan "al'adar tsere" da ake kafa hujja da ita sau da yawa a kan 'yan misalai take tsaye. I Am Maximus da Nick Rockett duka sun ci tseren Bobbyjo Chase a filin Fairyhouse na Ailan a Fabrairu kafin su ci Aintree. Abin lura ne, sai dai dawaki biyu ne, daga barga ɗaya.

Bayan duk wannan akwai shingen kansa. Corach Rambler ya zo na uku a Gold Cup a Maris 2024, ya dawo Aintree cikin waɗanda aka fi sa wa rai, ya kayar da mahayinsa a tsallen farko. A Champion Hurdle ta 2025, babban tseren ƙananan shingaye na Cheltenham, dokin nan Constitution Hill, wanda ba a taɓa cinye shi ba a tsere goma, ya faɗi. State Man yana gaba da tazara shi ma ya faɗi a shingen ƙarshe. Goɗiyar nan Golden Ace ta ci a 25/1. Duk wanda ya karanta sharhin kakar daidai, a ranar bai sami ko sisi ba.

Yana da kyau mai karatu ya san su wa ke ɗaukar nauyin sharhin. Kafofin sharhi na Timeform, da aka kafa a 1948, da Sporting Life, duka mallakar Flutter ne, kamfanin da ke da kamfanonin caca na Paddy Power da Betfair da Sky Bet. Wannan ba ya nufin sharhinsu ƙarya ne. Yana nufin ana rubuta shi ne a cikin harkar da ke rayuwa da yawan caca.

## Lissafin kamfanin caca

Farashin 7/1 na nufin fam 1 zai jawo ribar fam 7, a kuma mayar da uwar kuɗi. Kamfani ba ya dogara da sanin wanda zai ci. A ɗauka dawaki biyu ne masu ƙarfi ɗaya. Adalci shi ne mai sa 110 ya ci 110, amma kamfani zai ba da 100. Mutum biyu suka sa 110 kowanne a kan doki daban, kamfani ya karɓi 220, ya biya 210, ya riƙe 10, ko wa ya ci. Yawan dawaki na ba shi damar faɗaɗa wannan rarar ba tare da an lura ba, kuma masu farashi mai nisa ne aka fi tauye wa. Gyaran Aintree bai taɓa wannan ba ko kaɗan.

Masu caca sau ɗaya a shekara sun fi son mai fuska biyu: rabin kuɗin a kan doki ya ci, rabi a kan ya shiga sahun farko, yawanci huɗu zuwa shida a Grand National. Idan kamfani ya ƙara yawan gurabun yakan biya kashi ɗaya cikin biyar na farashin. Wanda ya sa fam 10 a kowace fuska a kan doki mai 33/1, dokin ya zo na uku, ribarsa fam 56. In dokin 7/1 ne, fam 4. Haka nan mai sa kuɗi tun watanni kafin tsere don ya kama farashi mai kyau, in dokin bai fito ba kuɗinsa sun tafi, kuma da gurabu 34 yiwuwar a bar doki a waje ta ƙaru.

Ga Musulmi hukuncin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, kuma a Kano Hisbah kan rufe shagunanta. A Birtaniya halastacciyar sana'a ce a doka, tseren dawaki kuma a kanta ya jingina.

## Ra'ayoyi uku

Jockey Club da BHA suna ganin tseren ba zai ɗore ba sai da yardar jama'ar da ke kallonsa sau ɗaya a shekara, kuma suna nuna 2024 a matsayin shaida. Masu riƙe da tsohon salo suna cewa an mayar da shi tsere kamar kowane, an rufe ƙofar da irin su Foinavon suka bi a 1967, lokacin da dawaki suka cakuɗe a shinge na 23 shi kuma ya lallaɓa ya wuce ya ci a 100/1. Sau biyar aka taɓa ci a wannan farashin, na ƙarshe Mon Mome a 2009. Suna da wata hujjar da ta fi ƙarfi: ƙaramin shinge yana sa mahayi ya daina jin tsoronsa ya ƙara gudu, kuma faɗuwa cikin gudu ta fi muni.

Ƙungiyoyin kare dabbobi su ma ba bakinsu ɗaya ba. RSPCA da World Horse Welfare suna zama da hukumomi suna neman ƙarin gyara. Animal Aid da Animal Rising suna son a soke tseren tsallake gaba ɗaya, suna nuni da jihar Kudancin Ostireliya da ta haramta shi a 2022. Tseren 2025 ya ba su abin faɗa: 16 kaɗai suka kammala cikin 34, Celebre d'Allen, ɗan shekara 13, ya zube bayan shingen ƙarshe ya mutu bayan 'yan kwanaki, aka dakatar da mahayinsa kwana 10 saboda ya ci gaba da korar dokin da ya riga ya ƙare. Tsere biyu, ɗaya sumul ɗaya da gawa, ba su isa a yanke hukunci a kan gyaran ba.

## Wa abin ya shafa

Mai caca na yau da kullum ya sami tsere da ya fi sauƙin karantawa, amma sauƙin na kowa ne, saboda haka ba ya ƙara masa riba. Ko ya gane cewa bargar Mullins ce za ta ci, sai ya zaɓi ɗaya cikin shida. A 2025 wanda ya ci a 33/1 yake, babban mahayin bargar, Paul Townend, yana kan na biyu.

Akwai kuma wata dokar da ta fi ta Aintree taɓa aljihunsa. Bayan takardar manufofin caca da gwamnatin Birtaniya ta fitar a Afrilun 2023, an wajabta wa kamfanoni su duba bayanan da ke hannun hukuma, kamar karyewar jari ko hukuncin bashi, ga duk wanda abin da ya zuba ya haura abin da ya cira da fam 500 cikin kwana 30. An fara a ƙarshen Agustan 2024, aka sauko da adadin zuwa fam 150 a ƙarshen Fabrairun 2025. Masu goyon baya sun ce kariya ce ga wanda caca ke cinye wa gida. Masu harkar dawaki suka tara sa hannu sama da 100,000 a kan batun binciken aljihu, har majalisa ta tattauna shi a Fabrairun 2024, suna cewa zai kori manyan masu sa kuɗi zuwa kamfanonin bayan fage.

Damuwarsu tana da tushe a lissafi. Kamfanonin caca suna biyan kashi 10 cikin 100 na ribar da suka samu a kan tseren Birtaniya ga wata hukuma da ke raba kuɗin, mafi yawa zuwa kyaututtukan tsere, wani sashe zuwa binciken lafiyar dawaki. Wato asarar 'yan caca ce ke ɗaukar wani ɓangare na wasan. Idan cacar ta ragu kyautar ƙananan tsere ce ke fara jin jiki, kuma da ita ƙaramin mai horarwa ke biyan masu kula da barga da kuɗin abincin dawaki. Shi ne kuma wanda dokinsa mai maki 140 da 'yan kai yanzu ke zaman jira a bayan na 34.